Babi na Biyar: Sanin Murjani Kafin a Sa Hannu a Aljihu

Kusan duk shagon da ake sayar da murjani mai rai, a Landan yake ko a Jakarta ko a Dubai, cikin shuɗin haske za ka same shi. Akwai dalili. A tsokar murjani akwai wasu sinadarai da ke shan shuɗin haske su mayar da shi kore ko ja ko ruwan lemo, shi ya sa ɗan guntun da yake ruwan ƙasa a ƙarƙashin farar fitila sai ka gan shi yana ƙyalli yana ɗaukar ido. Mai shago ya san da haka, mai ɗaukar hoton da ake sakawa a intanet ma ya fi shi sani. Don haka kafin ka tambayi farashi, ka roƙi a kunna maka farar fitila. Mai shagon kirki ba ya jin haushin wannan roƙo. A farin haske ne za ka ga ainihin launin, kuma a nan ne rauni da ƙwari da gansakuka suke fitowa fili.

Murjani dabba ce, ko da yake ba ta tafiya. Abin da ido ke ɗauka dutse ne ko reshen itace, taron 'yan halittu ne da masana ke kira folif, kowace da bakinta a tsakiya da yatsu kewaye da shi. A cikin tsokarsu kuma akwai wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya da ke sarrafa haske ta samar musu da mafi yawan abincinsu. Wanda ya sayi murjani, ashe halitta biyu ya saya, dabba da tsiron da ke zaune a cikinta, kuma duk abin da ya ɓata wa ɗaya rai ya taɓa ɗayar. Jan murjanin nan da iyayenmu mata ke sawa a wuya, wanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga Bahar Rum, wani jinsi ne dabam, Corallium rubrum. A kogwannin duwatsu da wurare masu duhu yake zama, ba shi da wannan gansakuka, ba kuma shi ake kiwo a tankin gida ba.

Sanin takamaiman nau'in murjani aiki ne ja. Masanin nan na Ostareliya, Charlie Veron, sai da ya cika mujalladi uku a littafinsa na shekarar 2000 kan murjanin duniya, yana bayanin nau'o'i wajen 800, kuma da yawa daga cikinsu ba a iya rarrabe su sai an cire tsoka an duba ƙashin da madubin ƙara girma. Nau'i ɗaya kan canja siffa gwargwadon inda ya tsiro: a inda igiyar ruwa ke da ƙarfi ya yi gajere mai kauri, a inda ruwa ke kwance ya yi siriri. Mai kiwo a gida ba ya bukatar kaiwa can. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya san dangin, domin dangin ne ke gaya masa yawan hasken da murjanin ke so, da ƙarfin gudun ruwa, da halinsa da maƙwabta. Wanda bai iya faɗin dangin abin da ke gabansa ba, a ganina bai kai ga saye ba tukuna.

Ana fara wannan sani da ƙirga. Ka matso kusa da gilashi, ka zaɓi folif ɗaya da ya buɗe, ka ƙirga yatsunsa. In takwas ne cif, kowane yatsa da 'yan gashi gefe da gefe irin na gashin tsuntsu, to kana gaban dangin masu laushi, waɗanda yawancinsu ba sa gina ƙashin dutse. In kuwa yatsun sumul suke, suna zuwa shida-shida ko ninkin shida, to ɗaya ɓangaren ne, inda masu ƙashin dutse suke.

Masu laushi su ne ƙofar shiga. Sarcophyton shi ya fi shahara, mai gindi ɗaya da faffaɗan kai irin na naman kaza, jikinsa kamar fata. Sinularia kuma rassa yake fitarwa kamar yatsun hannu. Suna jure sauyin ruwa, ba sa neman haske mai tsanani, ba sa shan sinadarin kalsiyam da yawa. Akwai wata ɗabi'a ta Sarcophyton da ke tayar wa sabon mai kiwo hankali: wata rana sai ya janye dukkan yatsunsa, kansa ya yi santsi yana sheƙi, ya tsaya haka kwana da kwanaki. Mutane da yawa sun ciro shi sun zubar a wannan hali, suna zaton ya mutu. Saɓa yake yi. Wata siririyar fata ce ke rufe shi, daga baya ta yaye ta tafi da dattin da ya taru a kansa, ya sake buɗewa fiye da dā. Wanda ke ruɓewa shi ne wanda tsokarsa ta yi baƙi ko ta yi laushi tana marmashewa, kuma warinsa ba ya ɓuya in an ɗaga shi sama da ruwa. Sai dai a sani, waɗannan masu fata suna sakin wasu sinadarai a ruwa da ke takura wa masu ƙashin dutse, shi ya sa mai haɗa su a tanki ɗaya ba ya rabuwa da gawayin tace ruwa.

Xenia, mai yatsun da ke buɗewa suna rufewa ba tsayawa, da wani kore mai shimfiɗa kan dutse kamar ciyawa, suna cikin mafi araha a shaguna, kuma arahar tasu daga yawan yaɗuwarsu take. In ka ɗora su kan babban dutsen tankinka, cikin watanni za su mamaye shi. A ba su ɗan dutsensu shi kaɗai a tsakiyar yashi. Kada kuma a kuskura a zuba rararsu a teku. A gaɓar Benezuwela wani ɗan'uwansu, Unomia stolonifera, wanda asalinsa daga tekun Indonesiya ne, ya rufe wurare masu faɗi ya kashe murjanin ƙasar.

A nan ya kamata mu ɗan daɗe kan wani dangi, domin maganar ta shafi rai. Zoanthus da Palythoa 'yan faya-fayai ne masu launi iri-iri, kowane da zoben gajerun yatsu a bakinsa, suna tsirowa a cunkushe. Kyan ɗan maciji gare su. Wasu nau'o'in Palythoa na ɗauke da dafin da ake kira falitoksin, ɗaya daga cikin dafi mafi ƙarfi da aka sani a cikin halittu, wanda masana suka fara warewa a Hawai a 1971. Yana shiga ta rauni a hannu, yana shiga ta ido, mafi muni kuma yana bin tururi ko feshin ruwa ya shiga huhu. A 2018, a wani ƙauye da ke yankin Oksfod a Ingila, an kwashi iyali guda zuwa asibiti bayan an kankare wani dutsen tanki a cikin gida, har da wasu 'yan kwana-kwanan da suka kai ɗauki. Ana iya ɗan rarrabe su da ido: Palythoa ya fi girma, kuma fatarsa na da kaushi saboda yashin da yake cusawa a cikinta, Zoanthus kuwa ƙarami ne mai santsi. Amma ban yarda mutum ya jingina lafiyar iyalinsa ga wannan bambanci ba. A ɗauki dukkansu a matsayin masu dafi. A sa safar hannu da tabarau, kada a zuba wa dutsen da suke kai tafasasshen ruwa, kada a goge shi da burushi a busashe. Gidan da ke da ƙananan yara, gara a haƙura da Palythoa gaba ɗaya.

Masu ƙashin dutse, 'yan kasuwa sun raba su gida biyu: masu manyan folif da masu ƙanana. Rabon kasuwa ne, masana kimiyya ba su san da shi ba, amma yana da amfani ga mai saye. A cikin masu manyan akwai uku da ake yawan rikitawa, kuma a kan yatsa ake gane su. Mai dogayen yatsu da kowane ya ƙare da ɗigo ɗaya mai haske, shi ake kira tocila, Euphyllia glabrescens. Wanda kan yatsansa ya baje gefe biyu kamar guduma, sunansa ke nan, guduma. Wanda kowane yatsa ya yi rassa da ƙulli-ƙulli, shi ne ƙwan kwaɗo. Waɗannan biyun na ƙarshe masana sun mayar da su dangin Fimbriaphyllia, ko da yake a shaguna har yanzu da tsohon sunan ake kiransu. Akwai kuma wasu biyu masu dogayen wuya da ke kaɗawa a ruwa, Goniopora da Alveopora. Na farko yatsunsa 24, na biyu 12. Ƙirgar tana da amfani, don Goniopora da aka ciro daga teku ya daɗe da yin suna wajen yin kyau na wasu watanni sannan ya shiga ƙanƙancewa har ya ƙare.

In ka tsaya gaban guduma ko tocila, kada ka tsaya kan yatsun da ke kaɗawa. Ka sunkuya ka dubi wuyan, inda tsoka ta haɗu da ƙashi. Lafiyayye tsokarsa na gangarowa ta rufe bakin kofin ƙashin har ta ɗan sauko ƙasa. Wanda ke cikin wahala tsokar ta ja da baya, kana hango fararen haƙoran ƙashi masu kaifi a tsaye. Waɗannan haƙora su ne ke yanka tsokar in an jijjiga leda a hanya, kuma ta wannan rauni ne wata cuta ke shiga, wadda ke mayar da tsoka wata yauƙi mai ruwan ƙasa. Tana iya cinye kai guda cikin kwana ɗaya ko biyu ta tsallaka na kusa. In ka ga wannan yauƙi a kan murjani ɗaya, ka bar duk abin da ke cikin wannan tanki a ranar. Ka kuma tuna cewa masu manyan folif mafaɗata ne. Da dare wasunsu, musamman Galaxea, na miƙa wasu dogayen yatsu masu harbi su ƙone maƙwabci, don haka da kuɗin murjani ake lissafa filin da za a bar masa.

Masu ƙananan folif su ne burin kowa, su ne kuma suka fi karya zuciya. Acropora ana gane shi da folif guda ɗaya babba da ke zaune a ƙarshen kowane reshe, sauran ƙanana na kewaye da reshen. Montipora ba shi da wannan, jikinsa kamar an yayyafa gari, yakan yi faranti ko ya shimfiɗa. Pocillopora jikinsa ƙuraje-ƙuraje ne. Seriatopora rassansa sirara ne masu tsini, folif ɗinsa a jere. An daɗe ana ganin kiwon Acropora a gida ba mai yiwuwa ba ne, sai a shekarun 1980 da wani mai kiwo a birnin Berlin, Dietrich Stüber, ya raya ɗaya har ya yi ta rarraba rassansa, kuma zuriyar wannan murjani na nan a tankuna har yau. Abin da Acropora ke nema shi ne ruwan da ba ya sauyawa: zafi tsakanin digiri 24 da 27, gishiri wajen giram 35 a kowace lita, kalsiyam tsakanin miligiram 400 da 450 a lita, alkaliniti kuma a tsaye wuri ɗaya tsakanin 7 da 9 a ma'aunin dKH. Tsallen alkaliniti na dare ɗaya ya isa tsoka ta fara zamewa daga ƙashi. Tankin da bai kusa shekara ba, wanda mai shi bai saba gwajin ruwa duk mako ba, Montipora ko Seriatopora ya dace da shi.

Fari a jikin mai ƙashi iri uku ne, kuma dole a san su. Fari a ƙarshen reshe, in tsokar na nan, alamar girma ce, sabon ƙashi ne da launi bai riga ya kama ba. Fari daga gindi yana hawa sama, da iyaka a fili tsakanin tsoka da ƙashi tsirara, mutuwa ce ke tafe. Murjanin da kuma ya koɗe gaba ɗaya, ya yi fari fat ko ya yi wani haske mai kyan gani, ya rasa gansakukar cikinsa ne, yunwa yake ji. Wasu masu shago kan sayar da irin wannan a matsayin launi na musamman.

Akwai waɗanda ba su da gansakukar tun asali. Tubastraea, mai ruwan lemo da ɗorawa, yana rayuwa in mai shi zai riƙa ba kowane baki abinci sau da yawa a mako. Dendronephthya kuwa, wanda ya fi kusan kowa kyau, tace abinci yake yi daga ruwa ba dare ba rana, kuma kusan duk wanda aka kai tankin gida mutuwa yake yi. Sayensa na sa a ciro wani daga teku, shi ma ya zo ya mutu. A bar shi inda yake.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da na fi so mai saye ya yi: daga ina wannan ya fito? Hanya uku ce. Akwai wanda aka sassaro daga jikin dutsen teku, akwai wanda aka noma a kan tebura a cikin teku kamar yadda ake yi a Bali, akwai kuma wanda aka raya a tanki tun kakanninsa. Noman murjani dashe ne, irin na rake: a yanki gaɓa, a manna ta kan ɗan faifan siminti ko tangaran, ta kama ta zama uwa. Dukkan masu ƙashin dutse suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973, ma'ana ba a ƙetare iyakar ƙasa da su sai da takardar izini, ko da ɗan guntu ne a cikin jaka. Fiji ta hana fitar da murjani mai rai a ƙarshen 2017. Indonesiya, wadda ita ce babbar mai fitarwa a lokacin, ta tsayar da nata a watan Mayun 2018, ba ta sake buɗewa ba sai a farkon 2020, shi ma ga wanda aka noma. A tsakanin nan farashin tocila ya yi tashin gwauron zabo, masu kiwo suka koma yanka nasu suna musaya, aka kuma ga cewa sana'ar na iya tsayawa da ƙafarta ba tare da an yi ta sassarar teku ba. Tekun kuwa yana cikin halin da bai kamata a ƙara masa nauyi ba. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da koɗewar murjani ta duniya karo na huɗu, bayan ta 1998 da 2010 da wadda ta faro a 2014. Wanda aka raya a tanki ya saba da fitila da gishirin roba, ya fi jure kuskuren mai shi, kuma ba a taɓa teku don shi ba. In da zaɓi, shi za a ɗauka.

Guntun dashe ma ana duba shi. Wanda tsokarsa ta gangaro ta fara shimfiɗa kan faifan ya yi makonni da yankewa, ya warke. Wanda kake ganin farin gam da sabon yanka a gindinsa, jiya ko shekaranjiya aka yanke shi, kuma haɗarin mutuwarsa kai za ka ɗauka. Ka ce a ajiye maka shi mako biyu.

Sunayen kasuwa kuma kada su ruɗe ka. 'Yan kasuwa kan raɗa wa wani launi suna mai daɗi, farashi ya ninka sau goma, alhali nau'in ɗaya ne da na kusa da shi. Wani Rhodactis mai kumburi a jiki an taɓa sayar da shi kan dubban daloli. Launi yana bin haske da abincin da ke cikin ruwa, don haka abin da ya yi ja a tankin mai sayarwa yana iya komawa ruwan ƙasa a naka. Saye ta intanet, in ba hoton ainihin guntun da za a aiko maka aka nuna ba, a farin haske, tare da alkawarin mayar da kuɗi in ya iso a mace, cinikin biri a sama ne.

Mai karatu da ke Kano ko Abuja ko Yamai yana da ƙarin lissafi. Gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da manyan duwatsun murjani, saboda laka da ruwan daɗin da koguna irin su Neja da Bolta ke zubawa, da kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku. Waɗanda aka sani kusa da mu su ne na Bahar Maliya, irin na Sanganeb kusa da Fot Sudan, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, kuma wuri ne da ake karewa. Duk murjanin da zai zo hannunka, jirgin sama ya hau, ya kwana a leda, ya sha jira a filin jirgi. Sannan ga wuta. In famfon motsa ruwa ya tsaya na wasu awoyi iskar da ke cikin ruwa takan ƙare, ga kuma zafin bazara da ke haura digiri 40, alhali ƙarin digiri ɗaya ko biyu a kan abin da murjani ya saba, in ya ɗore, ya isa ya koɗar da shi. Wanda bai tanadi inbata ko sola da na'urar sanyaya ruwa ba, kuɗin murjanin farko can ya kamata su tafi.

In an iso gida, a bar ledar a ɗaure tana iyo a saman tanki minti 15 zuwa 20 don zafin ruwan ya daidaita. Daga nan sai wanka. A zuba ruwan tanki a farar roba, a sa maganin tsoma murjani daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a saka guntun a riƙa fesa masa ruwan da ɗan bututu. Farar roba ake so don a ga abin da zai faɗo. A kan Acropora za ka iya ganin wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa mai launin tsokar da take ci, wadda ido ba ya gani sai ta saki ta faɗo tana murɗawa a gindin robar. Alamarta a jikin reshe 'yan tabo ne farare masu zagaye. A kan Montipora akwai wani farin dodon-koɗi marar ɓawo, bai fi ƙwayar shinkafa ba, da ke ɓuya a ƙarƙashin faranti. Maganin na kashe manyan ko ya sa su saki, amma ba ya taɓa ƙwai. Shi ya sa ake juya guntun a duba gindinsa da madubin ƙara girma, a kankare duk wani tarin ɗigo da aka gani, in ya yiwu ma a yanke murjanin daga tsohon faifan a manna shi kan sabo, don a jikin faifan ne ƙwai da gansakuka da wata 'yar halitta mai naci, Aiptasia, suka fi maƙalewa.

Bayan an ɗauraye shi da ruwan tanki mai tsabta, a zubar da ruwan leda da na wankan, kada ko ɗigo ya shiga tanki. Wanda ke da ƙaramin tankin killacewa ya ajiye baƙon a can wata guda ko fiye, yana maimaita wankan duk mako har ƙwan da ya ɓuya ya ƙyanƙyashe ya faɗo. Wanda ba shi da shi, ya ajiye guntun a ƙasa kan yashi inda haske bai da ƙarfi, nesa da sauran, ya riƙa leƙa shi da tocila bayan an kashe fitila. Sai bayan mako biyu, in yana buɗewa sosai kuma tsokarsa ba ta ja da baya ba, a fara matsar da shi sama kaɗan-kaɗan zuwa inda za a manna shi.